Asibitin Ciwon Daji: Ginin Ma Yana Cikin Magani

Duk lokacin da aka ƙaddamar da sabuwar cibiyar kula da masu ciwon daji a ƙasar nan, abu biyu ake cika mana kunne da su, wato yawan biliyoyin nairorin da aka kashe, da sunan ƙasar da aka sayo na'urori. Daga nan sai a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto a gaban na'urar gashi, manyan baƙi su shiga motocinsu su kama gabansu. Da wuya ka ji wani ya tambayi inda mara lafiya zai zauna kafin layi ya zo kansa, ko ɗakin da likita zai shigar da shi ya shaida masa cewa ciwon ya bazu a jikinsa, ko inda matar da ta rako shi daga ƙauye za ta sa haƙarƙarinta idan dare ya yi. Mun ɗauki waɗannan a matsayin ƙananan al'amura da za a ji da su daga baya. Ni kuwa a nawa ganin, suna cikin abubuwan da ke sa mutum ya jure magani har ƙarshe, ko kuwa ya naɗe tabarmarsa ya koma gida ya jira ta Allah.

Dalilin da ya sa na ga ya dace a tayar da wannan magana shi ne, mun shiga zamanin gina irin waɗannan cibiyoyi. Ƙiyasin da Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya ta fitar game da shekarar 2022 ya nuna cewa mutum fiye da 127,000 ne suka kamu da ciwon a Nijeriya a wannan shekara, kusan 80,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya ta dalilinsa, kuma sankarar mama ce ke kan gaba. Wannan nauyi ne ya sa aka buɗe sabuwar cibiya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 2019, maƙwabtanmu na Nijar suka samu wurin gashinsu na farko a Yamai a 2021, sannan a watan Yuli na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da wasu cibiyoyi uku a Katsina da Inugu da Binin. Babu shakka wasu na nan tafe. To amma na'ura takan tsufa a sauya ta cikin shekara goma zuwa sha biyar, shi kuwa gini idan aka zuba kankarensa, jikokinmu ma a cikinsa za su yi jinya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mara lafiyar da ba irin sauran ba

Ya kamata mai karatu ya fara lura da cewa mai ciwon daji ba kamar mai zazzaɓin cizon sauro ba ne, wanda zai zo a duba shi, a rubuta masa magani, ya tafi. Wanda aka rubuta wa gashi yakan zo asibiti kwana biyar a kowane mako, har tsawon makonni da kan kai shida ko bakwai. Gashin kansa 'yan mintoci ne, jiran ne ke cinye yinin. Wanda ake yi wa kemo, wato ƙarin ruwan magani mai ƙarfi ta jijiya, yakan shafe sa'o'i zaune wuri guda da allura a hannu, ya kuma dawo bayan mako biyu ko uku, a yi ta haka wata da watanni. Ke nan asibiti ya zama masa gida na biyu, ya san kowane lungu da kowane wari da ke cikinsa.

Maganin kuma yakan bar jiki a raunane. Kemo na karya garkuwar jiki, ta yadda tarin da mai lafiya zai shaƙa ya wuce, ko ƙurar gini mai ɗauke da funfuna, kan iya kwantar da mai ciwon daji. Yana kawo tashin zuciya, har ta kai wasu da zarar sun shaƙi warin wurin da aka saba yi musu ƙarin ruwa sai amai ya taso musu tun ba a soka allura ba. Ga gajiya mai sa hawa matakala goma ya zama kamar hawa Dutsen Dala. Bugu da ƙari, mafi yawan mutanenmu ba sa isowa asibiti sai ciwon ya yi nisa, bayan sun sayar da 'yar gona ko dabba, sun ratso ɗaruruwan kilomitoci, zuciya cike da tsoro. Irin wannan bawan Allah shi muke ajiyewa a kan bencin ƙarfe, a dogon lungun da babu taga, ƙarƙashin rufin kwano a tsakiyar bazara.

Abin da aka daɗe da ganowa

Tunanin cewa gini na da hannu a warakar mara lafiya tsohon tunani ne. Tun a 1859 Florence Nightingale, bayan abin da ta gani a yaƙin Kirimiya, ta yi rubutu a kan asibitoci inda ta dage cewa ɗakunan kwanciya su kasance masu tagogi ta ɓangarori biyu domin iska ta ratsa, haske ya shiga. A 1933 aka kammala asibitin masu tarin fuka na Paimio a ƙasar Finlan, wanda Alvar Aalto da matarsa Aino suka tsara. Aalto ya lura cewa galibin ɗakuna ana tsara su ne domin mutumin da ke tsaye, alhali mara lafiya a kwance yake yini, silin yake kallo. Saboda haka ya zaɓi launi mai kwantar da hankali ya shafa wa silin, ya kawar da fitila daga saitin idon wanda ke kwance, har kwanon wanke hannu sai da ya tsara shi ta yadda zubar ruwa ba za ta tashi maƙwabcin gado daga barci ba.

A 1984 wani mai bincike Ba'amurke, Roger Ulrich, ya buga sakamakon wani nazari a mujallar Science. Ya duba takardun marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar cire matsarmama a wani asibiti na jihar Fensilbeniya tsakanin 1972 da 1981. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon itatuwa, rabin kuma bangon bulo take kallo. Masu kallon itatuwa an sallame su da wuri da kusan kwana ɗaya, sun kuma buƙaci ƙarancin allurai masu ƙarfi na kashe zafi. Nazarin ƙarami ne, kuma ba a kan masu ciwon daji aka yi shi ba, don haka kada wani ya ce na ce inuwar darbejiya na narkar da ƙari. Abin da ya nuna, wanda binciken da ya biyo baya ya ƙara ƙarfafawa, shi ne barci da natsuwa da raguwar fargaba suna shafar yadda jiki ke ɗaukar zafi da yadda yake farfaɗowa, kuma gini na iya ba da su ko ya hana.

Darasin Maggie

Babu inda wannan darasi ya fito fili kamar a labarin wata mata 'yar Sikotlan mai suna Maggie Keswick Jencks, wadda sana'arta tsara lambuna ce. A 1993 likita ya shaida mata cewa sankarar mama da aka yi mata magani a baya ta dawo, ta kuma bazu, kuma bai fi wata biyu zuwa uku ya rage mata ba. Da yake akwai wasu a layi, sai aka nemi ita da mijinta su koma wani lungu mara taga su zauna, su haɗiye wannan labari a can. Allah Ya ƙara mata kwana har zuwa watan Yuli na 1995, ita kuwa ta yi amfani da wannan lokaci, tare da mijinta Charles Jencks, masanin tarihin gine-gine, da nas ɗin da ke kula da ita, Laura Lee, wajen tsara wani irin wuri da ta ga babu shi a asibitoci.

A 1996 aka buɗe na farko a harabar wani babban asibiti na birnin Edinbara, a cikin tsohon bargar dawaki da aka gyara. Ba a yin allura ko gashi a wurin. Gida ne ƙarami a gefen asibiti, babu teburin karɓar baƙi, babu kati, babu layi, babu mai sanye da kayan aiki. Abin da mutum zai fara gani idan ya shiga shi ne ɗakin girki da babban tebur, ya haɗa wa kansa shayi, ya zauna da waɗanda ke cikin hali irin nasa. Akwai ƙananan ɗakuna ga mai son kaɗaici ko mai son yin kuka, akwai lambu da ake hangowa ta kowace taga, akwai kuma ƙwararrun da za su yi wa mutum bayanin ciwonsa da maganinsa da hanyoyin samun tallafi, duk kyauta. Daga baya manyan masu zanen gine-gine na duniya suka shiga ciki: Frank Gehry ya tsara na birnin Dandi a 2003, Zaha Hadid ta tsara na Fife a 2006, wanda kamfanin Richard Rogers ya tsara a Landan ya ci babbar lambar yabo ta Stirling a 2009. Irin waɗannan gidaje sun haura 20, har da na Hong Kong da Tokyo, kuma da kuɗin masu ba da gudummawa ake gina su.

Akwai wani misalin daga Landan. Ɗakin na'urar gashi dole ne a kewaye shi da kankare mai kauri da kan kai mita biyu ko fiye, domin kada hasken ya fita ya cutar da jama'a, kuma mara lafiya shi kaɗai ake bari a ciki lokacin da na'ura ke aiki. Saboda nauyin wannan kankare, al'ada ita ce a binne ɗakin a ƙarƙashin ƙasa. Da aka zo gina cibiyar ciwon daji ta asibitin Guy's, wadda aka buɗe a 2016, sai aka tambayi marasa lafiya ra'ayinsu, suka nuna cewa sauka cikin ramin nan kullum yana karya musu zuciya. Injiniyoyi suka nemo dabara aka ɗora ɗakunan gashin a saman bene, inda mai jira zai ga hasken rana. Abin lura a nan shi ne, sai da aka tambayi masu ciwon kafin a ja layin farko a kan takarda.

Ba sai ƙasar Turawa ba

Na san wani zai ce ai waɗannan masu kuɗi ne. To, mu dawo gida Afirka. A 2011 aka buɗe asibitin Butaro a arewacin Ruwanda, wanda ƙungiyar Partners In Health ta gina tare da gwamnatin ƙasar, a 2012 kuma aka buɗe cibiyar ciwon daji a cikinsa. Masu zanen sun fitar da hanyoyin wucewa waje, suka mayar da su baranda, domin kada marasa lafiya su cunkushe a rufaffen lungu suna shaƙar numfashin juna. Sun juya gadaje suka fuskanci tagogi, ta yadda wanda ke kwance tsaunuka yake kallo, maimakon fuskar wani da ke fama da nasa ciwon. Da dutsen yankin aka yi ginin, mutanen yankin kuma su suka yi aikin.

Wanda ya fi kama da yanayinmu shi ne asibitin tiyatar zuciya na Salam da ƙungiyar Emergency ta ƙasar Italiya ta buɗe a gefen Khartum a 2007, wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 2013. Zafi da ƙura su ne matsalar wurin, kamar dai Sakkwato ko Maiduguri. Sai aka yi bangaye masu kauri, aka kewaye tsakar gida da ke da manyan itatuwan mangwaro, aka kuma bi da iskar da za ta shiga asibitin ta wata karkatacciyar hanya a ƙarƙashin gini, inda rairayi ke zubewa kafin a fesa mata ruwa ta huce. An tanadi masaukin 'yan'uwan marasa lafiya da wurin ibada tun a cikin zanen farko. Haka nan Francis Kéré na Burkina Faso, ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Pritzker a 2022, ya gina asibiti a garin Leo da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin domin iska ta riƙa kwashe zafi ta tsakani.

Abin da muka gada muka yar

Abin takaicin shi ne, yawancin waɗannan dabaru kakanninmu sun san su. Maginan da suka gaji su Muhammadu Durugu, Babban Gwanin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sun san cewa bango mai kauri na riƙe sanyin dare ya raba shi da rana, sun san ba a buɗe babbar taga ta yamma, sun san amfanin tsakar gida da inuwar ceɗiya. Mun yar da wannan duka muka rungumi gilashi tun daga ƙasa har sama, domin ya yi kyau a hoto. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, gidan gilashi tanda ne, rayuwarsa na rataye ga na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma tana rataye ga janareta, shi kuma yana jiran kuɗin gas. Ranar da ɗaya ya tsinke, mara lafiya ne ke gasuwa.

Ba ina nufin a gina ɗakin tiyata da tubali da azara ba. Ɗakin tiyata, da ɗakin na'ura, da wurin haɗa magungunan kemo, da ɗakin waɗanda garkuwarsu ta faɗi ƙasa, dole a rufe su a tace iskarsu a sanyaya su, a kuma tanadar musu lantarki mai tabbas. Amma wuraren jira da na zama da hanyoyin wucewa, waɗanda su ne mafi girman ginin, za a iya tsara su su yi sanyi ko babu wuta: a miƙe ginin daga gabas zuwa yamma domin tagogi su kalli kudu da arewa, a faɗaɗa baranda, a ɗaga rufi, a dasa itatuwa tun ranar da aka haƙa harsashi. A kuma nisanta janareta daga ɗakunan kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 1999 cewa ƙarar da ke ɗakin marasa lafiya da dare kada ta wuce ma'aunin desibel 30, wato kamar raɗa. Duk wanda ya taɓa kwana jinya ya san nisan da ke tsakaninmu da wannan.

Gidan Bahaushe yana da wani darasin, wato darasin sutura. Baƙo ba ya faɗawa tsakar gida kai tsaye, sai ya bi ta zaure, ya bi ta shigifa, kowane mataki da irin wanda ake bari ya wuce shi. Kunya na cikin manyan dalilan da ke sa mace ta ɓoye ƙullutu a mamanta ko zubar jini har sai abin ya gagara. Idan ta yi ta maza ta zo asibiti, sai ta tarar da wurin jira guda ɗaya na maza da mata, ana ƙwala kiran sunanta, labulen ɗakin dubawa bai kai ƙasa ba, ga miki da take tsoron a ji warinsa. Wace ce za ta so ta dawo? Kamata ya yi a ware wa mata wurin jiransu, ɗakin sauya tufafi ya buɗe kai tsaye cikin ɗakin dubawa, a kuma sa banɗaki mai ruwa kusa da kowane wurin zama, domin dattijon da ke ɗauke da robar fitsari da wanda amai ya taso wa ba za su iya doguwar tafiya ba.

Sai ɗakin faɗin labari mai nauyi. A wurinmu ba mutum ɗaya ke karɓar irin wannan labari ba, akwai miji, akwai wa, akwai uwa, kuma su ne za su yanke shawarar a yi tiyata ko a koma gida. Ana buƙatar ɗaki da zai ɗauki mutum biyar ko shida a zaune, mai ƙofar da ake rufewa, mai kuma wata ƙofar ta biyu da ke fita zuwa inuwa, domin kada iyali su ratsa taron masu jira da hawaye a fuska. Haka kuma kada hanyar fitar da gawa ta bi ta gaban waɗanda ake yi wa ƙarin ruwa. Wannan ba ya cin ko kwabo, tunani kawai yake buƙata tun a kan takarda.

Babban giɓin da ke cikin zanen asibitocinmu shi ne mai jinya. An kwaikwayo tsarin ƙasashen da nas ke yi wa mara lafiya komai, alhali a nan ɗan'uwa ne ke sayo magani, ya kai jini ɗakin gwaji, ya dama kunu, ya wanke tufafi, ya juya mara lafiya da dare. Aikin asibiti ba zai tafi ba in babu shi, amma a zanen ginin babu shi. Shi ya sa za ka gan su kwance a baranda da gindin bishiyoyi, da buta da risho da ƙullin kaya, masu gadi na kora. Mutumin da aka rubuta wa gashin mako shida, wanda ba shi da kowa a garin, ba shi kuma da kuɗin masauki, yana cikin haɗarin yanke maganin a tsakiya, gashin da aka yanke kuwa amfaninsa na raguwa ƙwarai. Don haka masauki mai sauƙi, da madafa, da wurin wanki da shanya, da wurin alwala da salla, da ɗakin addu'a ga 'yan'uwanmu Kirista, da rumfar 'yan dubiya, duk ɓangare ne na maganin. Su ma ma'aikata, waɗanda ke kallon mutuwa kusan kullum, suna buƙatar ɗakin hutawa mai taga inda za su sauke numfashi.

Batun kuɗi

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce, ƙasar da na'urorin gashinta ba su isa ba, waɗanda ke akwai ma sukan lalace a yi watanni ana jiran gyara, talaka kuma ba ya iya biyan kuɗin kemo, ina ita ina zancen lambu? Na yarda cewa idan kuɗin na'ura ɗaya kaɗai ke hannu, na'urar za a saya. Amma yawancin abin da na lissafa ba ƙarin kuɗi yake nema ba. Juya gini ya ba rana baya, da juya gado ya kalli taga, da ƙara ƙofa, da dasa bishiya, ba su kai kuɗin dutsen marmara da doguwar ƙofar shiga da ake ƙawata ofishin shugaba da su ba. Ginin da ke sanyaya kansa kuwa yana rage kuɗin gas shekara da shekaru, kuɗin da za a iya juyawa zuwa gyaran na'urar. Asarar gaske ita ce a kashe biliyoyi a kan na'ura, sannan mara lafiya ya gudu a mako na uku saboda ba shi da wurin kwana.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya da Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda dokar 2017 ta kafa, da su fitar da ƙa'idar gini da duk ɗan kwangila zai bi, wadda za ta wajabta masaukin masu jinya da ɗakin sirri da inuwa kamar yadda ta wajabta kaurin kankare. Kafin a amince da kowane zane, a zaunar da waɗanda suka yi jinyar ciwon, maza da mata, da nas-nas da masu shara, a ji ta bakinsu. Sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan, da takwarorinsa na sauran jami'o'inmu, su riƙa tura ɗalibansu su yini a asibiti suna kallon yadda jama'a ke rayuwa a ciki kafin su ɗauki abin zane. Attajiranmu kuma, masu neman sadaka mai gudana, ga wata ƙofa a buɗe: gida mai ɗaki ashirin da rijiyar burtsatse da madafa a gefen cibiyar gashi, a yi wakafinsa ga baƙi marasa galihu. Gidajen Maggie ma da irin wannan hannun aka gina su.

Waraka ta Allah ce, likita sababi ne, maginin ma haka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya kuma sa waɗanda aka damƙa wa amanar gina mana asibitoci su riƙa tunawa da wanda zai kwanta a ciki.